Miyar da Kowa Ya Ƙi Kushewa

Akwai wata tafiya da na yi daga Darini zuwa Runka wadda ba na jin za ta bar raina har ranar da zan koma ga Ubangijina. Ba a tare mu a hanya ba, ban kuma ji ƙarar bindiga ba, ko da yake a shekarun nan irin labarin da matafiya ke dawowa da shi ke nan. Ni abin da na dawo da shi labarin wata tukunyar miya ne a bakin tashar Safana, da na tsohuwar da ke dafa ta.

'Yata ce ta haihu a Runka, haihuwar fari. Da lokacin zaman lafiya ne, tun kafin cikin ya tsufa za ta taho gida goyon ciki, in kula da ita a ɗakina. To hanya ta lalace. Mijinta ya aiko cewa ba zai ɗora mace mai ciki a bayan babur ya ratsa daji da ita ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Da labarin haihuwa ya iso sai na ɗaura 'yan kayana, kanwa da yaji da daddawa da zannuwa, na ce ni zan je in yi mata wankan jego. Maigida ya kai ni Batsari a babur, ya sa ni a mota, ya yi mini addu'a ya juya, don a lokacin ba a barin gida babu namiji. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa tafiya ni kaɗai ba sai ranar.

Hanyar da muka saba bi ba ta biyuwa, sai da muka yi dogon zagaye kafin muka shiga Safana, rana ta riga ta karkata. A tasha aka gaya mini motocin Runka sun daina tashi ɗai-ɗai, sai sun taru, sai kuma an aiko daga can cewa hanya ta yi kyau. Na tambayi wani ɗan kamasho yaushe ke nan. Ya ce wataƙila gobe, wataƙila jibi, shi ma ba a shawara da shi. Ba ni da kowa a Safana. Na samu gindin wata darbejiya na zauna a kan ƙullin kayana. Mutane na ta wucewa, kowa da inda ya nufa, ni kuwa duk tashar babu wanda ya san 'yar gidan wa ce.

Ina nan zaune idona ya kai kan wata rumfar kwano a can ƙarshen tasha, an yi rubutu a jikin ƙyaurenta da fentin da ya fara gogewa. Na yi ajin yaƙi da jahilci bayan na yaye autana, don haka na matsa na haɗa baƙaƙen a hankali: abinci da wurin kwanan mata. Ban taɓa gode wa malamarmu ba kamar ranar.

Mai wurin doguwar tsohuwa ce siririya, kowa Inna yake ce mata. Na durƙusa muka gaisa. Ta tambaye ni gajiya, ta tambayi mutanen gida da yara da damina, da na ce haihuwar 'yata ce ta fito da ni ta yi mini barka da jika, sai da ta gama duka sannan ta tambayi daga inda nake. Da na faɗa mata sai ta sa mini suna Ta-Darini, har muka rabu ba ta nemi wani sunan ba.

In za a bi gaskiya, ban taɓa sauka a wuri mai tsabtar ɗakin nan ba. Ɗaki ne guda a bayan rumfa, daɓen ƙasa ne amma ya sha shara har yana sheƙi. Gidan sauron ya sha faci, sai dai babu ɓular da sauro zai bi. Ga randa a lungu an rufe da faifai, ruwanta da sanyi kamar na rijiya. Makewayin yana da ƙyaure na gaske mai sakata, wanda duk macen da ta taɓa tafiya ta san ba ƙaramin abu ba ne. Aibinsa, rufin kwano ne, da rana ba ya zaunuwa, tagar kuma bangon wani gida take kallo, in ka leƙa babu abin gani sai laka. A jikin bango an jera tabarmi a nannaɗe masu yawa, ka san da can ɗakin yakan cika. Ta zaro ɗaya ta shimfiɗa mini. Sauran suna nan a tsaye har na bar garin, babu wadda ta zo ta kwanta a kai.

Kafin magariba ta kawo mini tuwon masara da miyar kuka. Tuwon kam sai dai a ce masha Allah. Sumul, babu gudaji ko ɗaya, ya tuƙu ya turaru, daga ganin malmalar ka san hannun da ya yi ta ya daɗe yana yi. Na yi bisimilla, na gutsura na dangwali miya na kai baki. Sai da ƙwalla ta kawo mini. Kamar gishiri aka jiƙa aka ɗan kaɗa masa kuka, ga kanwa tana biyo baya tana ƙona harshe. Na ɗaga kai na gan ta tsaye a bakin ƙofa, ta zuba mini ido.

"Ta-Darini, ya kika ji miyar?"

"Alhamdu lillahi, Inna. Allah ya saka da alheri."

To me zan ce? An raine mu a kan ba a kushe abinci. In ya yi maka ka ci, in bai yi maka ba ka tsame hannunka ka yi shiru, haka iyaye suka koya mana, haka malamai suka ƙara mana. Balle ni baƙuwa, a ɗakinta, a kan tabarmarta. Ta ɗan daɗe tana kallona kamar akwai sauran magana a bakina, sannan ta juya. Na ci gayan tuwon ina korawa da ruwa. Miyar kuwa na faki idonta na zubar a bayan ɗaki na tura ƙasa a kai, ina neman gafarar Allah, don a shekarar akwai gidajen da ko kukar ba su da ita.

Washegari mota ba ta tashi ba. Tun da ɗaki ba ya zaunuwa da rana, sai na koma bayan zanar da ta raba murhu da wurin zaman maza, inda nake iya hangen bencina ta 'yan kafofi. Dogayen bencina ne, amma fayau. Direbobi na wucewa, babu wanda ba ya rage tsawo ya gaishe ta da ladabi, amma babu mai zama.

"Direba, tuwo ya sauka fa."

"Wallahi Inna azumi nake."

"Azumi da goro a kumatu? Wane malamin ya ba ka wannan fatawa?"

"Sabon yayi ne, Inna, bai iso wurin tsofaffi ba tukun."

Aka yi dariya har da ita. Yana wucewa ta bi shi da ido har ya tsallaka ya zauna a rumfar da ke fuskantar tata, inda wata mata ke sayar da shinkafa da wake. Wani kuma ya ce likita ya hana shi tuwo. Ta ce wannan likita ya gama da tashar nan kaf, ya kamata a nuna mata shi ta gaishe shi. 'Yan dattawan cikinsu ne kawai ke zama, su ma don kara. Su saya, su taɓa tuwon sama-sama, su bar miya a kwano. Kowanne sai ta tambaye shi yadda ya ji, kowanne kuma ya ce alhamdu lillahi ya wanke hannu.

Da rana ta yi sanyi ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ina jin ta daɗe ba ta samu mace 'yar uwarta da za ta yi hira da ita ba, don ban tambaye ta komai ba ta fara. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya Allah ya bar mata, ita ma da abubuwa suka rikice mijinta ya kwashe ta suka yi kudu. Ta nuna mini wata ƙatuwar tukunya a kife a gefen zana, kaji sun mai da ita wurin hutawa, ta ce da can ita take cikawa da miya, kuma ba ta kai la'asar. Da ƙauyuka suka watse ciniki ya ragu, wannan ta gane, don kowa ya shafa. Abin da ta kasa ganewa direbobin da suke nan, waɗanda wasunsu tun suna yaran mota take ciyar da su. Ta ce ta riga ta yanke, in kaka ta wuce babu canji za ta rufe rumfar, ta koma Zakka gidan ɗan wanta, ta zauna a ɗakin da za a ba ta don tausayi.

"Macen da ta ciyar da tasha guda, Ta-Darini, a koma ana miƙo mata a kwano ta ƙofa."

Sai ta rage murya ta ce ita ta san daga inda abin yake. Mai shinkafar can ƙawarta ce tun suna da ƙuruciya, tare suka kafa rumfuna, amma tun daminar bara Inna ta daina gaishe ta, don ba ta shakka ita ta yi mata asiri ta janye mata mutane. Ta je wurin malami, ta sha rubutu, ta yayyafa a bencina, ta yi turare har ta gaji. Ina sauraron ta, alhali na san abin da ya kori mutane, yana nan a bayan ɗaki na rufe shi da ƙasa. Amma sai kawai na ce Allah ya kawo mafita.

Kwanan da ya biyo na zauna kusa da murhu ina taya ta tsince kalwar daddawa, ina kallon yadda take aiki. 'Yar ƙaramar tukunya ta ɗora, wadda ba ta kai rabin rabin waccan ba. Da ruwa ya tafasa ta tsoma hannu a ƙwaryar gishiri ta cika tafinta dam ta watsa, ba ta ko duba ba, hira take yi mini. Haka ta yi da ruwan kanwa. Sai na gane hannunta bai san an canja tukunya ba, har yanzu waccan ta kife yake auna wa. Mutane na raguwa tana rage ruwa, gishiri kuwa yana nan yadda yake, miya na ƙara ɓaci, mutane na ƙara gudu. Na kuma lura da wani abu. Kowace mace in tana miya takan ɗiga a tafin hannu ta lasa, ba ta ma san ta yi ba. Inna ba ta yi. Sau ɗaya da ta ga ina kallon ta ta ɗiga ta lasa, ta gyaɗa kai kamar ta gamsu. Wanda harshensa ke aiki ba zai lashi miyar nan ya gyaɗa kai ba.

Ranar ma ban ce komai ba. Sai kashegarinta da hantsi ɗan kamasho ya leƙo ya ce in shirya, an aiko, gobe da safe motoci za su tashi. Na yi murna, don hankalina na kan mai jego. Amma murnar ba ta zauna ba. Na ga zan ɗauki ƙullina in tafi, in zama ɗaya daga cikin masu alhamdu lillahi, ita kuma kaka ta wuce ta rufe rumfa ba ta taɓa sanin dalili ba, tana ƙullace da ƙawarta har kabari. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a gidanmu an san ni da haka. Na daɗe ina juya abin, har ta ɗora tukunya, har ta cika hannu da gishiri.

"Inna, dakata. In yi magana ba za ki ji haushina ba?"

"Faɗi mana. Ɗakin ne? Sauro ya same ki?"

"Ɗaki ba shi da laifi. Tuwonki ma ban taɓa cin kamarsa ba. Miyar ce, Inna. Gishiri ya yi mata yawa, da kanwa. Ba ta ciyuwa."

Hannunta ya tsaya a saman tukunyar.

"Ba ke kika ce alhamdu lillahi ba?"

"Ni ce. Haka kowa ke cewa."

Na gaya mata abin da na gani, na nuna mata babbar tukunyar, na ce ita hannunta ke auna wa. Ta mai da gishirin cikin ƙwarya a hankali, ta kakkaɓe hannu a zane, ta shige ɗakinta ta turo ƙyaure.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Na janye itacen don kada tukunya ta ƙone, na zauna ni kaɗai a gaban murhun da ba nawa ba. Wani dattijo ya yi sallama daga waje na ce masa yau babu. Ta fito ta yi alwalar azahar ta wuce ni kamar babu mutum a wurin, haka la'asar. Na ce a raina na gama ɓata komai, mata ta karɓe ni ba ta san ni ba, na saka mata da abin da ko 'yarta ba za ta faɗa mata ba. Har na ɗaure kayana don in koma gindin darbejiya, sai na ga fita ba sallama ya fi zama muni. Na ci 'yar gyaɗar da ke ƙullina na kwanta. Ban taɓa jin nisan Darini ba kamar ranar.

Bayan sallar asuba na ji ta hura wuta, sai ta kira ni. Ba ta dube ni ba, wuta take gyarawa tana magana. Ta ce daminar bara ta yi wani zazzaɓi da ya kwantar da ita, da ta tashi harshenta bai tashi ba. Zuma da toka duk ɗaya take jin su. Ba ta gaya wa kowa ba, don wa zai sayi abinci wurin matar da ba ta jin ɗanɗano? Ta dogara da hannunta, ta ce hannun da ya tsufa yana zuba gishiri ba zai ɓata ba. Shi ya sa take tambaya.

"Kullum sai na tambaya, Ta-Darini. Babu wanda ban tambaya ba. Da mutum ɗaya ya buɗe baki."

Sai ta miƙo mini ludayi. Muka yi miyar tare, tana zubawa kaɗan-kaɗan ina ɗanɗanawa, har na ce ta yi. Ta so ta riƙe awon da wani ɗan murfi, na ce zai taimaka, amma ita ma ta sani daddawar yau ba ta gobe ba ce, kanwa ma wata ta fi wata ƙarfi, miya kullum sai da harshe. Ta ce ke kuma ga shi tafiya za ki yi. Sai idona ya tsallaka zuwa rumfar mai shinkafa. Ta ga inda na duba.

"Da wane ido zan kalle ta? Na gaya wa rabin garin nan ta yi mini asiri."

Na mai da mata ludayinta, na rufe tukunyar.

Da gari ya waye sosai direbobi suka fara ɗaure kaya. Ɗaya daga cikin dattawan nan masu kara ya zo ya zauna, ta zuba masa. Ina leƙe ta kafar zana. Ya kai lomar farko yana shirin daurewa kamar kullum, sai na ga ya dakata, ya dubi kwanon, ya gyara zama. Bai ɗago ba sai da ya suɗe. Ya miƙa kwano ya ce Inna a ɗan ƙaro miya. Ta ce kai likitan bai hana ka ba? Ya ce shi dama bai taɓa zuwa wurinsa ba. Ta ƙara masa. Ba ta tambaye shi yadda ya ji ba.

Ba ta yarda mun yi doguwar sallama ba. Ta ƙulla mini malmala ta ce in kai wa mai jego, ta ce Allah ya raya, ya kiyaye hanya, ta juya wurin murhu. Aka cusa ni a bayan a-kori-kura tsakanin buhuna. Muna jiran sauran motoci su jeru sai na hango ta ta fito da ludayi a hannun dama, ta tara tafin hagu a ƙasansa. Ta kai tsakiyar fili tsakanin rumfunan nan biyu ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, har na ce za ta koma. Motarmu ta fara motsi ke nan na ga mai shinkafar ta ajiye abin da ke hannunta ta miƙe. Daga nan wata motar ta shiga tsakanina da su.

Na samu 'yata da jaririnta lafiya, na yi mata wanka har arba'in. Da zan dawo surukina ya bi da ni ta wata hanyar, ban sake taka Safana ba har yau. Bayan kaka na taɓa tambayar wani direba a Batsari ko rumfar Inna na nan. Ya ce tana nan, amma mai son tuwonta sai ya yi sammako. Iyakar abin da na sake ji ke nan. Ban san ko tana raye ba yanzu, ita ma ba ta san sunana ba, sai dai ina sa ta a addu'a.

Har gobe ba na kushe abinci, haka kuma na koya wa 'ya'yana da jikokina. Amma tafiyar nan ta koya mini cewa in mutum ya tambaye ka, ya tsaya yana kallon bakinka bayan ka gama godiya, to ba godiyar yake jira ba. Duk mutanen tashar nan son Inna suke yi, don suna son ta suka yi shiru, shirun nan kuma ya bar ta ita kaɗai shekara guda a tsakiyarsu. Tun daga lokacin, in na ga kara za ta cuci wanda nake yi wa ita, nakan jira ya rage daga ni sai shi, in sassauta murya, in faɗa masa.